Jami'ar Zariya da Mutanen da Ta Yaye: Ina Rabon Makiyayi da Ɗan Kasuwa?

Yau za mu ƙetara Najeriya, mu leƙa wata makaranta da yawancinku kun sha wucewa ta bakin ƙofarta.

In ka taɓa rako tirelar shanu daga Illela, ka bi ta Sakkwato da Gusau ka faɗo Funtuwa, ko kuwa ka taso daga Maraɗi ta Jibiya da Katsina, to in dai ta Zariya kuka bi, kafin ku shiga gari sai kun ratsa Shika, sannan Samaru. Wannan doguwar katanga da babbar ƙofa da ka gani a Samaru, ɗalibai na ta shige da fice, ita ce Jami'ar Ahmadu Bello. Tana cikin manyan jami'o'in gwamnati mafi girma a Najeriya. An buɗe ta ranar 4 ga watan Oktoba na 1962, aka sa mata sunan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, wanda shi ne uban jami'ar na farko.

Wani zai ce, to ni da nake bayan shanu, ko nake zaune bakin awo, me ya haɗa ni da jami'a? Abin da ya haɗa ka da ita yana da yawa, domin mutanen da suka fito daga wannan ƙofa sun sha yanke hukunci a kan iyakar da kake ƙetarawa, da kuɗin da kake canji, da allurar da ake yi wa bisashenka. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da waɗanda suka shugabance ta. Na farko Bature ne ɗan ƙasar Niyuzilan, Norman Alexander. A 1966 aka miƙa ragama ga ɗan ƙasa, Dokta Ishaya Audu, likitan yara, haifaffen Anchau, Bahaushe kuma Kirista. Shekararsa 39 a lokacin. Ya riƙe jami'ar har 1975, kuma a zamaninsa ne aka buɗe sashen koyon aikin likita a 1967. Babban asibitin koyarwa da ke Shika yanzu, inda marasa lafiya ke zuwa daga nesa, daga wannan tushe ya taso. Daga baya Ishaya Audu ya zama ministan harkokin wajen Najeriya a mulkin Shehu Shagari.

Bayansa sai Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, daga 1975 zuwa 1978. Ku riƙe sunan garinsu: Belel, can ƙasar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Ɗan bakin iyaka ne kamar ku, ya yi karatu har Kambirij ta Ingila, ya dawo ya shugabanci jami'ar da ta fi kowace girma a Arewa. Cibiyar kwamfuta ta jami'ar sunansa take ɗauke da shi. Farfesa Ango Abdullahi, wanda ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1986, masanin aikin gona ne. Sannan ga abin da zai fi jan hankalin makiyayi: Farfesa Daniel Saror, daga 1991 zuwa 1995, da Farfesa Shehu Usman Abdullahi, daga 2004 zuwa 2009, dukkansu likitocin dabbobi ne. Wato mutumin da ya koyi duba bakin saniya da kofatonta, shi ne ya hau kujera mafi girma a makarantar.

Kujerar kuwa ba ta da sanyi kullum. A 1978 da 1986 an yi tarzomar ɗalibai a Zariya, jami'an tsaro suka shigo, aka rasa rayuka. A tsakiyar shekarun 1990 rikici ya yi tsanani har gwamnatin soja ta naɗa wani janar, Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar na ƴan shekaru. Muna faɗin wannan ne don ku san gidan mutane ne, da daɗinsa da ɗacinsa.

To sai ɗaliban da ta yaye. Nan ne jerin yake da tsawo, in muka ce sai mun karanto shi duka lokacin shirin zai ƙare ba mu kai rabi ba. Marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa, gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, shugaban Najeriya daga 2007 har rasuwarsa a 2010, a nan ya karanta ilimin haɗa sinadarai. Namadi Sambo, mataimakin shugaban ƙasa daga 2010 zuwa 2015, a nan ya koyi zanen gine-gine. Marigayi Muhammad Sanusi Barkindo, mutumin Yola, wanda ya zama babban sakataren ƙungiyar ƙasashe masu arzikin man fetur ta OPEC daga 2016 zuwa 2022, shi ma ɗan Zariya ne ta wajen karatu.

Kai ɗan kasuwa, ga biyu da suka taɓa aljihunka kai tsaye. Sanusi Lamido Sanusi ya karanta ilimin tattalin arziki a Zariya, ya gama a 1981, ya zama gwamnan babban bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014. Duk safiyar da ka tsaya wajen ɗan canji kana tambayar nawa jaka ta sefa take a naira, to ka sani hukuncin da ake yankewa a wancan banki yana cikin abin da ke ɗaga farashin ko ya sauke shi. Ta biyu mace ce, Hajiya Zainab Ahmed, wadda ta karanta aikin akanta a jami'ar, ta zama ministar kuɗi. Ba ku manta rufe iyakar da Najeriya ta yi a watan Agusta na 2019 ba. Kun tuna yadda kaya suka yi ta lalacewa a mota, kasuwanni suka yi tsit. Ranar 16 ga Disamba na 2020, ita ce ta fito ta sanar da manema labarai cewa an buɗe iyakoki huɗu, cikinsu har da Illela da Maigatari. Gwamnati ce ta rufe, gwamnati ce ta buɗe, amma ku lura da irin mutanen da ke zaune a ɗakin da ake yanke shawarar. Ƴan makaranta ne.

Akwai labari ɗaya da ya kamata kowane uba a ruga ya ji. Wannan tasha ba ta yi wa kowa yaƙin neman zaɓe, tarihi kawai muke bayarwa. An haifi Atiku Abubakar a Jada a 1946, lokacin garin yana cikin yankin Kamaru da Ingila ke riƙo, kafin ƙuri'ar 1961 ta haɗa shi da Najeriya. Mahaifinsa Bafulatani ne mai noma da ɗan kasuwanci, kuma bai yarda da boko ba. Kamar yadda tarihin rayuwarsa ya nuna, sai da hukuma ta tsare mahaifin na ƴan kwanaki, aka ci shi tara, kafin yaron ya shiga aji. Wannan yaro ya sami takardar difloma ta shari'a a harabar jami'ar da ke Kongo a 1969, ya shiga aikin kwastan, wato duwan kamar yadda muke cewa a nan, ya yi shekara 20 a ciki, daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007. Ko kana sonsa ko ba ka sonsa, ka tsaya ka yi tunani: da an bar wa uban ra'ayinsa, wa zai san sunan yaron a bayan Jada?

Waɗannan su ne sunayen da ake ji a rediyo. Amma in ka tambaye ni waɗanda aikinsu ya fi shiga garke da rumbu, sai in ce maka wasu ne can daban, waɗanda ba a buga hotonsu a jikin allon talla.

A Shika akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wadda ake kira NAPRI, a ƙarƙashin jami'ar. Tun 1928 ake kiwon gwaji a wurin, a 1976 ta zama cibiya ta ƙasa baki ɗaya. Masanan wurin sun daɗe suna aiki a kan dabbobin da kuka sani: Bunaji da Rahaji da Gudali, tumaki Ƴankasa da Uda da Balami, da jar akuyar nan da mu muke kira ta Maraɗi, su kuma suke kira ta Sakkwato. Suna auna yawan nonon da saniya ke bayarwa, da irin abincin da ke riƙe ta da rani. Sun gwada barbarar Bunaji da shanun Turai masu yawan nono. Sun yi bincike a kan ciyawa irin su gamba, da yadda za a haɗa dusa da angurya da harawa a yi kiwon turke. Kazar ƙwai da ake kira Shika Brown, wadda aka zaɓo don ta jure zafin ƙasarmu, daga nan ta fito.

A Samaru kuma akwai cibiyar binciken aikin gona, wadda ta girmi jami'ar kanta, don tun 1922 ake gwajin iri a wurin. In ka ga buhun iri an rubuta SAMMAZ, masarar Samaru ce. SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake, SAMCOT auduga. Dattawa sun tuna 1975, shekarar da cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a arewacin Najeriya. Masanan Samaru sun yi shekaru suna neman irin da zai jure mata, tare da cibiyar ICRISAT, wadda ke da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai. Wasu daga irin gyaɗa da wake an zaɓe su ne don su ba da ƙwaya su kuma ba da harawa. Kai makiyayi ka fi kowa sanin darajar damin harawa a watan huɗu da na biyar, lokacin da daji ya ƙone. Iri kuma ba ya neman takardar izini a bakin iyaka. Daga hannu zuwa hannu, daga kasuwa zuwa kasuwa, sai ka same shi a gonar da mai binciken bai taɓa takawa ba.

Sashen likitancin dabbobi na jami'ar an kafa shi ne a shekarun 1960, da taimakon wata jami'a ta jihar Kansas a Amurka, kuma yana da asibitinsa na dabbobi a Samaru. Shekarun sun zo daidai da babban yaƙin da aka yi da ciwon bushiya, wanda aka fara a 1962 a ƙasashen tafkin Cadi, wato Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi. Cutar ta lafa, aka yi sake, ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980 ta kwashe garkuna. Aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 duniya ta sanar cewa bushiya ta ƙare a doron ƙasa. Wannan aiki na ƙasashe da yawa ne, amma sai da aka sami likitocin dabbobi ƴan ƙasa da malaman allura masu shiga daji, kuma makarantu irin na Zariya ne suka horar da su. Yaron da aka haifa bayan nan bai san bushiya ba sai a bakin kakansa. Ciwon huhu da sammore da ciwon hanta kuwa har yanzu suna nan, suna jiran masu ilimin da za su ci gaba da aikin.

Kada ku ɗauka ilimin daga sama kawai yake saukowa. Akwai wani malami a Samaru, David Norman, wanda ya yi aiki a jami'ar daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1970. A zamanin ana yi wa manomi faɗa, wai ya daina cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Norman da abokan aikinsa suka zauna da manoman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta abin da aka shuka, da aikin da aka yi, da abin da aka girba. Lissafi ya nuna manomi yana da hujja: gaurayen shuka ya fi ba shi riba a fili ɗaya, kuma in wani iri ya ƙi, wani ya rufa masa asiri. Masana a ƙasashe da dama sun ɗauki darasi daga wannan bincike. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ka sani game da ciyawa da ƙasa da halin saniya ilimi ne, sai dai yana buƙatar wanda zai rubuta shi ya kai shi inda ake saurare.

Malaman tarihi ma sun yi muku aiki. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, wanda ya rasu a 2005, ya rubuta tarihin ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883. Ba a iya ba da tarihin Katsina a bar Maraɗi, tunda bayan jihadi can tsohuwar sarautar ta koma. Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya koyar a Zariya kafin ya shugabanci jami'ar Sakkwato, ya fitar da littafi a 1978 a kan yadda Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma, fatake da ayarinsu har Gwanja neman goro. Abin da littattafan nan ke tabbatarwa shi ne, hanyar da kake bi da kayanka ta girmi shingen da ke kanta.

Yanzu mu dawo gida. Na san abin da ke ran wasunku, don kuna faɗa mana a saƙonninku. In yaro ya tafi lakwal, wa zai bi shanu? Ga masu digiri nan birjik suna yawo ba aiki. Ga yajin aikin malamai, a 2022 jami'o'in gwamnatin Najeriya sun yi wata takwas a rufe. Ga kuɗin makaranta. Ga tsoron yaro ya je birni ya raina ruga. Duk gaskiya ne, ba mai musu. Ba kowane ɗalibi ne zai zama minista ba, mafi yawansu ma sunansu ba zai fita daga unguwarsu ba.

Amma ka auna ɗaya ɓangaren. Ranar da aka ce za a shata burtali, ko a yanka makiyaya a mai da ita gonaki, takarda ake kawowa. Ranar da saniyarka ta shiga gonar wani aka kai ku gaban hukuma, rubutu ake yi. A 1998 ƙungiyar CEDEAO ta fito da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, inda ake rubuta yawan garke da allurar da aka yi masa da hanyar da zai bi. Kai ɗan kasuwa, takardar duwan nawa ka biya ba ka san abin da aka rubuta a ciki ba? Maganin dabbobi nawa aka sayar maka a kasuwa, ranarsa ta wuce, ko ma na jabu ne, don ba mai karanta jikin kwalbar? A duk waɗannan wurare, in ba naka a cikin masu biro, sai abin da aka faɗa maka.

Ba wanda ya ce a kwashe yara duka a bar garke. Gida mai ƴaƴa biyar yana iya raba ƙafa: wasu na kiwo, wasu na aji, kuma na ajin su dawo ruga da hutu don kada hannunsu ya manta sanda. A bar ƴan mata ma su je, kun dai ji wadda ta sanar da buɗe Illela. Najeriya ta kafa hukumar ilimin ƴaƴan makiyaya a 1989, a nan ma akwai makarantu a yankunan kiwo. Matakin farko shi ne firamare, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya yi karatunsa da Faransanci yana son Zariya, sai ya ƙara da Ingilishi, ya nemi ƙa'idojin ɗaukar ɗaliban waje daga ofishin jami'ar kanta. Kada ya miƙa kuɗinsa ga dillalin da ya ce zai samo masa gurbi ta bayan gida. Ƴan Nijar da ƴan Kamaru sun yi karatu a can, hanya ce da aka riga aka taka.

In Allah ya sa ɗanka ya kai, ka ja kunnensa a kan abin da zai karanta. Likitancin dabbobi, ilimin kiwo da ciyawa, shari'a, aikin akanta, aikin jinya da ungozoma, duk abubuwa ne da ruga da kasuwar iyaka ke ƙishirwarsu. Likitan dabbobin da ya tashi a bayan shanu, yana jin Fulatanci ko Buzanci, ya san saniya ba ta da lafiya tun daga tafiyarta, wa zai fi shi? Lauyan da ya san burtali da ƙafarsa ba a ruɗa shi da taswira.

Ku kuma da kuka riga kuka fito daga jami'a kuna jin mu, ko ta Zariya ko wata, makiyayi da ɗan kasuwa suna da haƙƙi a kanku. Da harajin jama'a aka gina makarantun, har da jangalin da iyayenmu suka yi ta biya a kan kowace saniya. Ku riƙa leƙo kara ranar kasuwa, ku zauna da Ardo da sarkin kasuwa, ku fassara musu doka da harshen da suke ji.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu dawo wannan ɓangare na iyaka, mu duba jami'ar Yamai da mutumin da take ɗauke da sunansa, Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda za a ci amfanin hasken rana. Kafin nan muna jiran saƙonninku. Wanda yake da ɗa ko ƴa a makaranta, ya gaya mana yadda yake raba aikin kiwo a gidansa, don wasu su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare garke, ya sa a sayar da riba. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.